Sifikar da ke Gefen Kujerar Malama

Duk wanda ya shigo falona a makon nan sai da ya yi min dariya, kuma ban ga laifin kowa ba. Mutum yana magana a talabijin, bakinsa na motsi a gabanka, muryarsa kuma tana fitowa daga can kusurwa, bayan tukunyar fure. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya zo kallon ƙwallo, ya yi ta waige-waige har wuyansa ya ƙage, ya ce, "Direba, wa ya haɗa maka kayan nan? Wallahi ka kai shi ƙara." Na ce ni na haɗa abina, in bai yi masa ba ga ƙofa can. Na san sarai abin da na yi, bakin bayani ne ba ni da shi.

Matata, Malama, ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa a firamare. Har yau tsofaffin ɗalibanta in sun hango ta a hanya sai sun gyara tsayuwa, domin mace ce da za ta ba aji baya tana rubutu a allo, ta kira sunan wanda ya yi raɗa a bencin ƙarshe. Da kunnen nan take taƙama. To, shi ne ya fara tafiya. Na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai an matso kusa an cika murya. Ni na fara ganewa, ranar da butar shayi ta yi ta ihu a bayanta tana yanka albasa hankalinta kwance. Da na yi mata maganar asibiti, kallon da ta yi min ko ɗan aji uku bai taɓa samun irinsa ba.

"Baban Auta," ta ce, "ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba."

Na ce, "Haba Malama, ciwo ne fa, ba sata kika yi ba."

"Ka rantse."

Na rantse. Na yi shekaru ina tuƙa motar ma'aikata, na yi faɗa da 'yan sanda, na yi da masu babur, amma gardama da matar nan ban taɓa cin ta ba.

A gida abin bai dame mu sosai ba, na koyi zama ta damanta. Baƙi kuwa murmushi take musu tana gyaɗa kai, su tafi suna cewa Malama ta yi sanyi da ta manyanta. Inda abin ya ci mu shi ne wajen Auta. Ita ce 'yarmu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya, aure da aiki sun kai ta wata ƙasa mai nisa. Duk Lahadi da la'asar take kira ta bidiyo, ta ga fuskokinmu mu ga tata. Muryar waya kuma siririya ce, Malama ba ta tsintar komai a ciki. Na kawo mata abin sawa a kunne, ta ce ita ba 'yar makaranta ba ce da za ta rataya igiya a wuya, kuma Auta na gani za ta gane. Sai ta samo dabararta. Za ta gaisa, ta ce ya aiki, ya maigidan, ta ɗan yi murmushi, sannan ta miƙe ta ce, "Bari in duba tukunya." Kowace Lahadi tukunya. Wani lokaci ko wuta ba a kunna ba.

Rannan Auta ta kira fuskarta duk ta faɗa. Ina riƙe da wayar, uwar na gefena. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai, ta yi ƙasa da murya don kunyata, ta ce, "Mama, cikin nan ya zube." Kafin ta rufe baki Malama ta yi murmushinta, ta dafa gwiwa ta ce, "Bari in duba tukunya." Ta fita.

Innalillahi. Na yi ta kame-kame, na ce Allah ya mayar da alheri, na ce ki kula da kanki. Me uba ya sani a wannan magana? Ba da ni take son yin ta ba. Da na je kicin na faɗa wa Malama a kunnen dama, sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ban ga ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Na ce to ki kira ta ki gaya mata gaskiya. Ta ce a'a, yarinya na cikin nata ciwon, ba za ta ɗora mata wani ba. Ta zauna ta rubuta mata dogon saƙo, mai kyau, ko waƙafi bai ɓata ba. Amsar da ta dawo ita ce, "Na gode, Mama."

Bayan 'yan makonni Auta ta kira ni ni kaɗai. Ta ce, "Baba, ni na san Mama ba ta so tafiyata ba, amma ban san abin ya kai haka ba. Lahadin nan zan kira. In ta sake tashi ta bar ni, shi ke nan, na daina takura mata. Kai kaɗai zan riƙa kira." Maganar na bakina, kamar in fashe, rantsuwa ta danne ta. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya ƙare. Na san 'yata, zuciyar uwarta ta ɗauko, in ta ce ta daina to ta daina.

Washegari na shiga kantin kayan wuta neman batirin rimot. Mai kantin yana yi wa wani saurayi tallar wata baƙar na'ura mai faɗi, su risiba suke ce mata, ni amfilifaya na sani. Ita ke karɓar sauti daga talabijin ta rarraba wa sifiku biyar da wata ƙatuwa mai gurnani. Ba irin ta masu hannu da shuni ba ce, ba kuma irin ta bakin titi da ke mutuwa kafin ka jefar da kwalinta ba, tsaka-tsaki dai. Na juya zan fita ke nan na ji ya dafa wata doguwar sifika yana cewa, "Wannan ita ce ta tsakiya. Kiɗa da harbi da ƙarar mota duk sauran ke ɗauka, amma muryar mutum ta nan take fita, tas. Kuma kana iya ƙara mata ƙarfi ita kaɗai."

Na dawo da baya. Na ce, "Maimaita."

Ya maimaita. Na ce in an haɗa waya da talabijin, muryar mai kira ma ta nan za ta fito? Ya ce ƙwarai, in dai an saita ta. Na ce dole ne a ƙarƙashin talabijin za a ajiye ta? Ya ce, "Baba, ai nan ne wurinta, in ba nan ba ina?" Na ce ya ɗaure min kayan, ya kuma auno min kebul mai tsawon da zai zagaye falo. Ya dube ni kamar zai yi magana, ya ga fuskata, ya ɗauko almakashi.

Da Malama ta ga kwalaye a tsakar falo sai da ta riƙe haɓa. "Baban Auta, gidan rawa za ka buɗe mana da tsufanka?" Na ce ƙwallo nake so in ji kamar ina filin. Ta ce Allah ya shirya, kuma duk ƙurar da kayan nan suka tara ni zan goge.

Na sha wahalar haɗa ta, ba zan ɓoye ba. Bayanta ramuka ne birjik, ja da baƙi, rubutun kuma ƙanana kamar ƙwayar gero. Na kwanta a ƙasa da tocila a baki, na tashi bayana ya ƙi miƙewa. Rimot ɗinta maɓallai sun fi na gaban babbar mota yawa, kuma rabinsu har yau ban san aikinsu ba. Ga zafi, in ta yi aiki kaɗan sai ka ce za ka gasa burodi a kanta, dole na fitar da ita daga cikin kabad. Na kafa sifiku huɗu inda hoton littafin ya nuna. Ta biyar, mai maganar, na bi da kebul ɗinta ta gindin bango, ta bayan labule, ta ƙarƙashin kafet, har kan ɗan teburin da ke dama da kujerar Malama. Na jera littattafai a ƙarƙashinta har ta zo daidai kunne, na turo tukunyar fure gabanta.

Akwai wani ɗan makirufo da ke zuwa da ita. Ana ɗora shi inda mai gida ke zama, a yi tsit, na'urar ta yi ta fitar da wani sauti, fuu, fuu, daga kowace sifika, tana auna ɗakin don ta daidaita komai da wannan wurin. Na jira Malama ta shiga wanka, na ɗora shi a kujerarta. Na'urar ta gama aune-aunenta ta rubuto min a talabijin cewa in duba sifikar tsakiya, ba ta inda ya kamata. Na ce na gani, ba ruwanki. Na shiga saitin na ƙara mata ƙarfi da hannuna.

Da yamma na sa wani wasan barkwanci. Malama ta shigo da tiren wake za ta tsince, ta zauna a kujerarta don nan hasken taga yake. Ni ina can gefe, sauti duk ya karkace min, ina yi kamar ina jin daɗi. Can wani a cikin wasan ya saki magana, sai na ji dariya. Ba bayan tawa ba, yadda ta saba yi in ta ga na yi. Tare muka yi, har ta riga ni. Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta juya a hankali ta dubi tukunyar furen, ta dubi abin da ke bayanta, ta dube ni. Ni kuwa na ƙura wa talabijin ido kamar yau na fara ganinsa. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Amma da safe na tarar an goge sifikar tas, an shimfiɗa mata ɗan kyalle mai ado a kai, sauran huɗun kuwa an bar min ƙurata.

Na gwada kiran da maƙwabcina. Na jingina wayar a saman talabijin yadda za ta ga falon duka, ya kira daga shagonsa, fuskarsa ta cika bango, muryarsa ta fito ta gefen kujera har da tarinsa. Na ce alhamdulillahi, Lahadi ta zo ta same mu.

Ranar Lahadi da hantsi na tafi ta'aziyyar wani tsohon abokin aikinmu a wancan ƙarshen gari. Dawowa cunkoso ya riƙe ni, ban iso ba sai gab da la'asar. Tun daga ƙofa na ga babur ɗin ƙanena. Injiniya muke ce masa, aikinsa kafa dish na talabijin da haɗa kayan sauti a gidajen mutane, kuma ya iya, ba zan rage masa ba. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko hoton bangon gidan wani ne sai ya miƙe shi.

Na shiga na same shi yana naɗe kayan aikinsa, yana washe baki. Sifikar magana tana zaune daram a ƙarƙashin talabijin. Teburin Malama ba komai sai tukunyar fure da ɗan kyallen nan a ninke.

"Yaya, wa ya yi maka wannan ta'asa?" in ji shi. "Sifikar tsakiya a kusurwa! Na gyara maka komai, na sake aunawa daga kujerarka. Zauna ka ji yadda ake jin sauti."

Na ce, "Ina kebul ɗin?"

"Wannan dogon? Ai na yanke shi daidai wurin. Ragowar na guntule na gyara na bayan nan, duk ka bar su suna lilo. Ka ga ko ɗaya ba a gani yanzu."

Jama'a, na ji jini ya hau min kai. Na ce uban wa ya sa ka? Na ce gidanka ne? Na ce tun kana yaro haka kake, shisshigi kamar ƙuda, abin da ba a tambaye ka ba shi ne sana'arka. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Bawan Allah ya tsaya da filaya a hannu, furfura a gemunsa, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, daga gyara? To me na ɓata? Gaya min abin da na ɓata."

Na dubi Malama. Tana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayin da ta haɗa masa. A gabanta ya cire, a gabanta ya yanke, kuma ba ta hana shi ba, don in ta hana sai ta faɗi dalili. Ta kawar da kai. Tausayinta da haushinta suka kama ni lokaci guda.

Na ce Injiniya ya hau babur ya nemo kebul yanzu-yanzu. Ya ce yau Lahadi, kantunan da ke kusa a rufe suke, sai cikin gari. Na fara jan kujerar Malama zan kai ta gaban talabijin, ta ce, "Ajiye min kujera inda take." Muna cikin haka waya ta ɗauki ƙara.

Na haɗa ta, na jingina a saman talabijin. Fuskar Auta ta fito, ta yi kwalliya, amma ba ta murmushi. Ta gaishe ni, ta gaida kawunta, sannan ta ce, "Mama, ina wuni." Malama ta zauna a kujerarta, bayanta a miƙe, ta amsa daidai, don gaisuwa ko ba kunne an san ta. Na danna rimot na ƙara sauti har gilashin taga ya fara zuga. Bai taimaka ba, ɗakin ne kawai ya cika da gurnani. Auta ta ci gaba da magana, ni ina kallon idon Malama yana bin leɓen 'yarta, yana kamawa yana suɓucewa. Murmushin nan na baƙi ya fara hawa fuskarta.

Sai ta dafa gwiwa. Ta miƙe.

Na ce a raina shi ke nan, tukunya. Na runtse ido.

Ban ji ƙarar ƙofar kicin ba. Da na buɗe ido sai na gan ta ta nufi talabijin. Matar da ko a gidan biki ba ta zama a tabarma saboda gwiwa, ta dafa kabad, ta durƙusa da ƙyar, ta zauna dirshan a ƙasa. Ta zame ɗankwalinta ta bayan kunnen dama, ta manna kunnen a jikin sifikar. Na yi maza na rage sautin.

Wayar tana sama, ba ta ganin ƙasa. Abin da Auta ta gani shi ne uwarta ta tashi, kujera ta zama wayam. Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, muryarta ta karye. Ta ce, "Ka gani ko, Baba? Na gaya maka. Ni Mama ta daina sona, ban san me na yi mata ba."

Wannan ce magana ta farko da Malama ta ji tas daga bakin 'yarta a tsawon lokacin nan. Na ga kafaɗarta ta girgiza.

Na rantse ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Na miƙa hannu na sauko da wayar, na karkata ta ƙasa, na riƙe.

Auta ta zuba wa uwarta ido. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta kai hannu ta rufe bakinta. Can ta matso da fuskarta, ta ce a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Mama. Tun yaushe?"

"Tun kafin ki tafi," in ji Malama. Ba ta ɗaga kunnenta daga sifikar ba, hawaye na bin gefen hancinta. "Auta, ranar nan ban ji ki ba. Wallahi ban ji ba. Faɗa min yanzu, tun daga farko. Ina nan, ba inda za ni."

Na jingina wayar a jikin littattafan nan da Injiniya ya sauke ƙasa, daidai fuskarta. Na kama hannun Injiniya na ja shi waje, don maganar da za a yi ba tamu ba ce. Muka zauna a dakalin ƙofar gida kamar marasa wurin zuwa. Ya daɗe yana juya filayarsa. Sannan ya share fuska da hannun riga ya ce, "Yaya, ai da ka gaya min." Na ce da na iya da na gaya wa wadda ta fi ka. Na ce ya yafe min zagin. Ya ce ba komai, amma maganar ƙuda ta yi masa zafi. Ya tashi ya buga babur, ya ce ko ina ne a garin nan sai ya samo kebul, kuma wannan karon ta cikin bango zai bi da shi, ba irin aikina na ƙarƙashin kafet ba.

Bayan ya tafi na ji ƙauri. Ashe yau da gaske akwai tukunya a wuta. Na lallaɓa ta gefen falo na shiga kicin, na tarar shinkafa ta kama har ta yi baƙi, na kashe, na buɗe taga. Malama ko waigowa ba ta yi ba. Tana nan a ƙasa, kunne a jikin sifika, tafin hannunta a kan gilashin talabijin wajen kumatun 'yarta, tana cewa, "Na ji. Na ji, 'yar nan. Ci gaba, ina jin ki."